Wa Ya Shafa wa Maɗatan Luka Jan Fenti?

Zuwa ga aminina Luka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa inda kake. Ni dai ina nan, gwiwa ce kawai ta juya mini baya. Ka san ban yi boko ba. 'Yata Hadiza ce ke rubutawa, ta ce za ta sa a waya duniya ta gani. Na ce ta sa, amma kada ta gyara mini baki.

Luka, tun da aka kai ka makwancinka nake ɗauke da magana ɗaya. Na kai ta wurin mai unguwa, na kai ta ofis, har fastonku na tare a bakin coci. Kowa sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Haƙurin nan na ci shi har ya ishe ni. Maganar kututture ce, kuma yau sai ka ji ta.

Ka tuna lokacin da masaƙa ta rufe a Kakuri, muka rasa inda za mu sa kanmu, muka haɗa hannu a kan filin nan na bakin kogi bayan Kudenda? Muka dasa itatuwan malaina da turare. Kai ka zo da dabarar daga duwatsunku: a raba fili kashi-kashi, bana a sare wannan, baɗi a matsa gaba. Kullum kana bina da faɗa, "Mamman, bar wa bishiyar kututture iya gwiwa! Karkata saran, kada ruwa ya kwanta a kai!" Damina na sauka kututture ya yi toho, mu bar masu ƙarfi, mu karye sauran. Kafin mu zagayo, na farko ya sake zama daji. Masu burodi sun samu itace, magina sun samu sanduna, mu muka aurar da 'ya'ya, kuma daji yana nan tsaye.

Layin maɗacin da ke gaɓar ruwa kuwa, ka ce gatari ba ya zuwa wurin, su ke riƙe da ƙasa. Ranar da na ɓare ɓawon ɗaya saboda ciwon ciki, gaba ka yi da ni. Na hango ka kana shafa wa wurin laka kamar mai jinyar ɗa. Na yi maka dariya, ɗan dutse. Yau ba na dariya.

Ɗanka Iliya ya sayar da rabonka ga masu gawayi. Ni ban ƙi sara ba, da sara na ci abinci. Amma waɗannan da inji suke zuwa, su yanke tun daga ƙasa, sannan su sa diga su tone kututturen da saiwarsa, wai gawayinsa ya fi nauyi. Me zai tsiro a rami? Je ka ga wurin, kamar bakin tsohon da aka cire wa haƙora. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, 'yan unguwa sun mai da shi bola. Idan na wuce sai na tofar da yawu.

Ga sama ma ta canza hali. Ruwa ya ƙi zuwa sai masara ta lanƙwashe, in ya tashi zuwa kuma sai ya juye gaba ɗaya kamar mai fushi. Bara kogi ya bi ta ramukan nan ya shiga ɗakin matarka Saratu. A kan gado na same ta a tsaye, Littafinku a ka, akuya a hammata. Iliya yana Barnawa a gidan sama. Katifa ya aiko wa uwarsa a bayan keke, shi ko ƙafarsa bai jiƙa ba.

Sai ga wasu sun zo bikin dashen itace. Rumfa, lasifika, fararen riguna iri ɗaya. A cikin ramukanmu suka dasa, wasu tsiron ma ko ledarsu ba a cire ba. Aka yi hoto, aka ci shinkafa, aka watse. Awaki suka ƙarasa aikin. Ka san da me aka dafa shinkafar? Na leƙa bayan rumfa, na ga buhunan. Gawayin kututturenmu ne, Luka. Har hula suka ba ni. Da ita nake goge gatari.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuto maka. An shafa wa maɗatanka jan fenti, kowane ɗaya. Kowa ya san abin da ke bin jan fenti: sara. Iliya ya ce ba shi ba ne. Mai unguwa ya ce daga sama ne. Ogan masu gawayi ya ce shi mai saye ne kawai. Har ɗana Sani yana lallaɓa ni in dangwala yatsa a takardar sayar da nawa rabon in huta. Na ce ya jira sai yatsan ya yi sanyi. Idan layin nan ya faɗi, damina mai zuwa Saratu ba ta da ɗaki, kuma da wane ido zan dube ka?

Kullum da safe ina jan gwiwata in je, in kwaɓa laka, in rufe fentin kamar yadda na ga kana yi. Sannan in zauna a gindin babban. In na fasa goro, har yanzu hannuna yakan miƙa ɓari ɗaya gefen dama, inda kake zama. Na yi kewarka, mai taurin kai.

Allah ya kai haske inda kake, ya tsare mana Saratu, ya riƙe gaɓar nan da ikonsa.

Na san ba za ka amsa ba, kai kana da uzuri. Amma masu leƙa wasiƙar nan ta bayan kafaɗarka ba su da shi. Fenti ba ya shafa kansa, Luka. Wani ne ya riƙe buroshi, wani ne ya aiko shi. Su zo gindin maɗaci su dubi idona su faɗa mini: wa ya ba da izini, kuma ina Saratu za ta kwana?

Naka har kullum,
Mamman mai itace, wanda ke zaune yana jiran amsa.