Inna Ta Ce Za A Rufe Wa Khaulat Tsutsa A Haƙori

Assalamu alaikum Anti Sauda. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta. Na san masu rubuto miki manyan matsaloli suke kawowa, aure da saki da haihuwa. Ni kuwa tawa a kan haƙori ce. Kada ki yi mini dariya, wadda aka yi mini a gida ta ishe ni.

Ina aure a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari. Maigidana noman rani yake yi, tumatir da albasa, da damina kuma gero da wake. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Inna, kuma tsakani da Allah ba muguwa ba ce, ita ta tsaya a kaina duk wankan jegona. 'Ya'yana biyu, duk mata. Ta farin, kin san al'ada, ba na kama sunanta. Tun da aka yaye ta take ɗakin kakarta, don haka 'yar Inna ake ce mata. Ta biyun ita ce Khaulat, shekararta shida, ita ce wadda nake iya ɗorawa a cinya a gaban mutane.

Ni mai son karatun littattafan hikaya ce tun ina makaranta. Ina da kwali guda a ƙarƙashin gado, wasu ma bangonsu ya fita, yanzu kuma a waya nake bi idan an samu caji. Idan na gama surfe na ɗora tukunya, nan nake ɗan barin ƙauyen nan in tafi inda ake zama a kan kujeru masu laushi ana magana a hankali. A can, duk yarinyar da ta yi murmushi haƙoranta farare ne tas, har da wushirya. Ban taɓa karanta inda kumatun wata ya kumbura ba. Mijin cikin littafi, matarsa na cewa ga abin da ke damunta, mukullin mota yake ɗauka. Nawa yana dawowa daga fadama da laka har gwiwa, wani lokaci da loma a hannu gyangyaɗi ke ɗaukarsa. Ba na ganin laifinsa. Amma karatun nan ya ja mini suna a gidan, Ta-littafi. Ko gishiri na ce ya yi yawa a miya, sai a ce a littafi na gani.

Bara waccan haƙorin 'yar Inna na can ciki, turmi na ƙasa, ya yi baƙin ɗigo, ɗigon ya zama rami. Inna ta kai ta wurin mai cire tsutsa ranar kasuwar Ɗambatta. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ta buɗe baki a kan hayaƙin, sannan ya nuna musu wasu fararen abubuwa a kwanon ruwa ya ce ga tsutsotsin nan sun faɗo. Inna ta dawo da murna har da tsarabar alewa. Ba a jima ba kumatun yarinya ya haye kamar ta ƙunsa goro, sai asibiti, aka cire haƙorin gaba ɗaya. Ni ina gefe ina kallo, uwa ba ta sa baki a kan 'yar fari a gaban surukarta. Inna ta ce famfara ce ta zo ta wata hanya, wani zai fito. Har yau bai fito ba.

Da aka gaji da jira, Inna ta ce ai ƙadangare ne ya ga giɓin, shi ya sa. Yarinyar kuma ta yarda. Anti, yanzu idan ta hango ƙadangare a kan katanga sai ta toshe baki da hannu. Ta daina ɓaɓɓaka dariya a tsakar gida, ita da a da har maƙwabta ke jiyo ta. Da ɓangare ɗaya take tauna. Ran nan ina shara na ji tana gaya wa ƙanwarta wai laifinta ne, don ta yi hamma a gindin rumbu ba ta duba ba. Na ci gaba da sharata kamar ban ji ba.

To kwanakin baya na kai Khaulat ƙaramin asibitinmu saboda mura, sai na tarar wasu ma'aikatan haƙori sun zo suna duba yara. A cikinsu akwai Rachael, 'yar wata tsohuwa da ake ce wa Baturiya a ƙauyen da ke gabanmu, tare muka yi firamare. Ta leƙa bakin Khaulat ta ce sababbin turame huɗu sun fito mata a can baya, lafiyarsu ƙalau, amma bisansu akwai tsagogi masu zurfi inda abinci ke maƙalewa. Ta ce waɗannan ba sa famfara, da su za ta tsufa. Akwai wani abu mai ruwa-ruwa da suke shafawa a kan tsagogin, a haska masa 'yar fitila ya daskare, ya zama kamar murfi. Babu allura, babu fiƙe haƙori. Za su dawo kafin ƙarshen wata, amma sai uban yarinya ya amince.

Na dawo gida kamar an yi mini albishir. Ina gama bayani Inna ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce, "Ta-littafi, a wane shafi ne aka yi wa yarinya siminti a baki?" Matan gidan suka kwashe da dariya. Sannan ta daina wasa ta ce kowane haƙori da tsutsarsa yake fitowa, idan aka liƙe mata ƙofa ta ina za ta fita? Sai ta yi ƙasa ta ci dasashi, ko ta haura kai. Ta ce kuma wahalar me za a yi a kan haƙorin da gobe zai faɗi, kuma ita duk abin da aka biyo mutum da shi har gida ana roƙonsa ya karɓa, ba ta yarda da shi ba. Da na kai maganar gun maigida, cewa ya yi, "Ke da Inna ku daidaita, ni injin ban-ruwa ne ya lalace mini." Jiya ma da rake da mazarƙwaila ya shigo wa yaran.

Kullum da safe sai na sa Khaulat ta buɗe baki a rana in leƙa ko zan ga ɗigon nan. Zuciyata na ce mini in ɗauke ta a ɓoye ranar da ma'aikatan suka dawo, in ce allurar rigakafi za mu, in roƙi Rachael ta rufa mini asiri. A littafi haka jarumar za ta yi, a ƙarshe kowa ya ba ta haƙuri. Amma ni a nan zan ci gaba da zama, kuma ko zazzaɓin sauro yarinyar ta yi bayan nan, an san wadda za a nuna. Ko kuwa in yi shiru kamar wancan karon? Anya ma Inna ba ta da gaskiya a maganar tsutsar? Kaina ya kulle. Ba farin haƙori irin na littafi nake nema mata ba, so nake kawai ta ci tuwo da ɓangare biyu.

Taki, Maman Khaulat.

AMSAR ANTI SAUDA

Wa alaikumus salam Maman Khaulat. Ban yi dariya ba, kuma damuwarki ba ƙarama ba ce. Kafin in amsa miki sai da na tambayi wata likitar haƙori, don kada in faɗa miki abin da ban sani ba.

Abin da Rachael ta gaya miki haka yake. Turamen da ke fitowa yaro yana wajen shekara shida, a bayan haƙoran nono suke tsirowa, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsu na yarinta. Na dindindin ne, idan ɗaya ya tafi ba shi da magaji. Shafen nan kuwa ba ya ciwo, yana ɗaukar shekaru yana kare haƙori, sai dai a riƙa dubawa lokaci-lokaci domin yakan ɓantare a sake. Tsutsa kuma babu ita. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin ragowar zaƙi da abincin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cin haƙori. Abin da aka gani a kwanon ruwa daga 'ya'yan itacen da aka ƙona ya fito. Wannan ki riƙe shi a ranki, ba abin jefa wa Inna a fuska ba ne.

Domin tsoron Inna ma yana da tushe. Haƙorin da ya riga ya yi rami ba a shafe shi haka nan a tafi, sai an gyara an yi ciko. Shi ya sa ake dubawa tukuna, kuma an duba na Khaulat an ce lafiya. Ki kuma tuna tsohuwar nan ta ga kumatun jikarta ya kumbura bayan ita ta kai ta da ƙafarta. Maganar ƙadangare ta fi mata sauƙin haɗiya.

Kada ki tafi a ɓoye. Ke da kanki kin faɗi dalili, kuma za ki sa Rachael cikin rigima da garinku, ki rufe wa yaran wasu ƙofa.

Maigida ba ƙi ya yi ba, gajiya ce ta sa ya ture. Ki daina tare shi da laka a ƙafa. Ki bari ranar Juma'a, ya dawo masallaci ya ci ya sha ruwa. Ki tambaye shi yadda yake ajiye waken iri. Na tabbata a jarka yake ɗurawa ya toshe ta ruf, ko a buhu mai leda, don ya san ƙwaro ba ya shiga, wanda ke ciki ma ba ya rayuwa idan an yanke masa iska. Ki ce masa haka shafen nan yake, yana yanke wa masu cin haƙori abincinsu. Manomi zai gane wannan kafin ki rufe baki. Abin da kike nema a gunsa kalma ɗaya ce, kuma shi ya faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa.

Inna kuwa, tunda duk abin da ya fito daga bakinki littafi ne, to ki cire bakinki. Ki roƙi Rachael ta zo da mahaifiyarta su gaishe ta. Tsofaffin ƙauyuka biyu maƙwabta ba za su rasa sanin juna ba, ko a rijiya ko a gidan biki. A haska bakin Khaulat a gaban Inna, a tambaye ta cikin ladabi wane haƙori ne ya faɗi a gurbin nan kafin wannan ya fito. Ita ke lura da famfarar jikokinta, za ta san babu. Sannan ki roƙe ta ita ta kai yarinyar, ita ta riƙe ta a cinya. Kuma kada a tafi da Khaulat ita kaɗai. 'Yar Inna tana da sauran turame uku irin wanda ta rasa, wasu kuma za su fito mata wajen shekara sha biyu. Abin da Inna ba za ta yi don maganarki ba, tana iya yinsa don 'yar ɗakinta.

Idan duk da haka wata ya ƙare ba a amince ba, ba a rasa komai ba tukuna. Muddin haƙorin lafiya yake, ana iya yi a asibitin haƙori daga baya. Kafin nan, da ma bayan nan, burushi da ɗan man goge baki safe da kuma kafin kwanciya, a kai shi har can baya. Rake da mazarƙwaila a ba su bayan abinci su kuskure baki, ba a yini ana tsotsa ba.

Littattafanki ki ci gaba da karantawa, kowa na da inda yake hutawa. Su suka koya miki tsara magana har na fahimce ki sarai. Mazajen ciki dai ki bar su a ciki, ba su taɓa gyaran injin ban-ruwa ba.

Saura abu guda, kuma shi ba ya jiran izinin kowa. Kunyar 'yar fari ta hana ki kama sunanta, ba ta hana ki sauke mata kayan da ba nata ba. Ranar da za ki yi mata kitso, kanta na kan cinyarki, ba ta ganin fuskarki ba kya ganin tata, ki gaya mata a hankali cewa ƙadangare bai ga komai ba, kuma ba laifinta ba ne. Haƙorin ba zai dawo ba, amma dariyar za ta iya dawowa.

Allah ya raya miki su, ya ba ki haƙurin zama da juriya, ya sa mu ji alheri.

Anti Sauda