Ɗalibaina Suna Son Darasina, Amma Sun Faɗi Jarrabawa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Kada ki sa sunana, abokan aikina duk suna karanta filinki a ɗakin malamai.

Ni malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar sakandare. Tun ina yarinya mahaifiyata take kuka da ni, don in ta aike ni sai ta tarar da ni a bakin ƙofa na saki baki ina bin gajimare da ido, aiken yana hannuna. Na girma, na yi aure, na haihu, halin bai sake ni ba. Da shi na shiga aji.

Ajina yana saman bene, akwai wata taga da ba ta rufuwa. Daga nan ana hango rufin gidaje da tankunan ruwa da shanyar mutane tana kaɗawa. In zan koyar da iska, sai in ce yara su ajiye biro su dubi shanyar nan, su faɗa mini daga ina iskar ta taso, me ta gani a hanya. In ruwan sama ya ɗauke, sai in kwashe su mu sauka bayan makaranta inda kwata take gudu. A nan nake nuna musu kogi: ga mafarinsa a ƙarƙashin indararo, ga ƙananan rafuka suna shigo masa, ga inda yake cin gaɓa. Wani lokaci in ce su rufe ido, mu shiga kwalekwale mu bi shi har teku. Ni kaina ban taɓa ganin teku ba, Anti, amma in ina ba su labarinsa har gishiri nake ji a leɓena. Masu barcin layin baya ma sukan ɗago kai.

To, bana aka tashi gyaran ginin, aka ce manyan azuzuwa su koma karatu ta intanet. Tun daga nan komai ya dushe. Ina zaune a lungun falo, wayata jingine da gwangwanin madara, yara duk sun kashe kyamara. In ce su rufe ido, ban san ko idon suka rufe ba ko wanke-wanke suka tafi. Ranar nan na yi nisa cikin bayanin yadda hadari yake haɗuwa, har ina ɗaga hannu, sai maigidana ya leƙo yana dariya ya ce ai tun ɗazu sabis ya ɗauke, shi da kyanwa kawai nake koyarwa. Na taya shi dariyar, amma da na shiga ɗaki sai hawaye.

Babbar maganar kuma ita ce jarrabawar gwaji. Ajina ne ya zo na ƙarshe. An tambaye su me ake kira wurin da kogi yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Wata ɗalibata, yarinya mai shiru-shiru da take burin zama matuƙiyar jirgin sama, ta rubuta cewa nan ne inda kogi yake gajiya ya sauke kayansa. Mai dubawa ya zabga mata sifiri. Lissafin ma'aunin taswira kuwa, kusan duk sun sha ƙasa. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ce ba ta musun yara suna sona, amma ba a cin jarrabawa da mafarki. In ban gyara ba, zango mai zuwa za ta ba wani malami ajin, wanda shi daga shigarsa har fitarsa rubutu yake karanto musu suna kwafa, kuma ɗalibansa sun ci.

Anti, ko in haƙura in koma irin tasa koyarwar? Ina jin in na yi haka wani abu zai mutu a cikina. Ko kuwa tun farko aikin ba nawa ba ne, in ajiye alli in zauna a gida? Yarinyar nan ta daina yi mini magana ko ta waya, ina tsoron tana ganin ni na kai ta na baro.

Taki,
Mai Kallon Gajimare

*

Malama, sannu da ƙoƙari. Share hawayenki, allin nan ba za ki ajiye shi ba.

Amma bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: shugabarki tana da gaskiya. Jarrabawa ƙofa ce, kuma wadda take son tuƙa jirgi dole ta nan za ta bi. Kin kai yara yawo mai daɗi, kin manta ki dawo da su kan takarda. Ke ma kina da taki gaskiyar. Amsar ɗalibarki ta nuna ta fahimci abin sarai, sunansa kawai ba ki damƙa mata ba. Wannan ƙaramin gyara ne.

Saboda haka duk tafiyar da kuka yi, a ƙare ta da biro. An dawo daga bakin kwata, kowa ya zana abin da ya gani, ya sa wa kowane sashe sunan da manhaja ta ba shi, sannan ki ɗauko tsohuwar tambayar jarrabawa su amsa nan take. Ma'aunin taswira kuma, ki sa su auna falon gidansu da taku, su ƙanƙance shi a takarda. A fara yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da intanet, in kiɗa ya canja rawa ma canjawa take. Kada ki ɗauki kashe kyamara a matsayin raini. Wata kunyar a ga ɗakinsu take ji, wani wayar yayarsa ya ara. Ki rage doguwar magana. Tura musu gajeren saƙon murya da za su saurara ko sabis ya yi wuya, ki ce kowa ya ɗauko hoton inda ruwa ya zaizaye hanya a unguwarsu, ya yi bayani da bakinsa. In kun haɗu, ki riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya. A aji ke kaɗai kike ba da labari, yanzu su ma ki ba su dama.

Malamin nan kuma ba abokin gabarki ba ne. Je ki gaishe shi, ki roƙi ya nuna miki yadda yake tsara amsoshi. Ba mamaki shi ma ya gaji da kallon hamma. Daga nan ki kai wa shugaba tsarinki a rubuce, ki nemi ta ba ki zango ɗaya ta gani.

Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan ki kira yarinyar. Ki gaya mata amsarta ta yi kyau, ki gaya mata abin da ya rage, ki ce za ku cike shi tare. Mai yiwuwa ba fushi take da ke ba, kunyarki take ji don tana zaton ita ta ba ki kunya.

Allah Ya dafa miki, Ya ba yaranki sa'a, Ya sa wata rana ki ji muryar ɗalibarki tana yi wa fasinjoji barka da sauka.