Ban Sa Alkama Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya, aiki kuma bai fi ƙarfinki ba. Allah ya tsare ki a inda kike, ya dawo mana da ke cikin ƙoshin lafiya. Mama ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma yi wa kowa faɗa. Sai dai maganar 'yarki Tsuntsuwa ce ta sa na ɗauki biro, gara ki ji daga wurina.

Kin san tun da likita ya ce hanjinta ba ya ɗaukar alkama, ko ɓurɓushinta, na zama abin dariya a gidajen abincin unguwa. Da na shiga na fara tambaya sai masu kawo abinci su hau zungurin juna. Wata har ce mini ta yi in yarinyar ta gwal ce in dafa mata a gida, saura kaɗan in watsa mata ruwan wanke hannu. Ita kuwa Tsuntsuwa burinta kawai ta zauna a tebur a kawo mata faranti kamar 'yan ajinsu. A ƙarshe muka samu wani ɗan wuri mai kujerun roba kusa da garejin ƙanenmu Auta. Mai girkin dattijo ne mai fara'a. Na tambaye shi ko akwai alkama a soyayyar kazarsa, ya rantse ko ƙwaya ba ta taɓa shiga kicin ɗinsa ba. Yarinya ta ci har da suɗe yatsu.

Kafin yamma ciki ya kumbura, sai amai, sai murƙususu a ƙasa. Ana haka Auta ya shigo, kin dai san zuciyarsa. Ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi wurin, wai sai mutumin ya ga aikinsa da idonsa. Na bi shi ko takalmi babu. Ya dire ta a kujera, ya yi fatali da tebur, farantai suka tarwatse, masu ci suka yi waje da cokula a hannu. Ya faɗa kicin ya shaƙo wuyan dattijon, ya gwara kansa da bango, ya kai masa naushi, hanci ya fashe. Garin kokawa kasko ya kife, tafasasshen mai ya bi hannun mutumin tun daga gwiwa har yatsu. Ni ma kujera na ɗaga, don a lokacin nan, da zan iya, da na karya wa dattijon baya. Cikin jini yake ta ihu: “Wallahi ban sa alkama ba! Fulawa kawai na barbaɗa!”

Yaya, nan na sauke kujerar. Shi a wurinsa alkama ita ce mai ƙwaya ja-ja da ake kaiwa niƙa, fulawa kuwa wani farin gari ne daban da ke zuwa a buhu. Ya tsufa yana suya bai san abu ɗaya ba ne, ni kuma alkama kawai na ambata. Sai da kanikawa suka taru suka ɓamɓare Auta daga jikinsa. Yanzu dattijon na asibiti, Auta na hannun 'yan sanda, kuma duk a kan idon yarinyar aka yi.

Ciwon ya lafa, amma abin da ya biyo baya ya fi ba ni tsoro. Jiya na same ta a bayan ƙofa ta dunƙule, tana cizon gefen rigarta, gumi na zuba. Ban san abin da ta ci ba. Na tambaye ta, ta ce, “Lafiyata lau, Inna. Don Allah kada a sake dukan kowa.” Ita wannan cuta in mai ita ba ta faɗa ba, ta ina zan sani?

Mama da Gwaggo da maigidana suna gaishe ki, ki gaida Baban Tsuntsuwa da kyau. Ki kira Tsuntsuwa, Yaya, ki roƙe ta ta riƙa faɗa in cikin ya motsa. Ni ta gan ni da kujera a hannu, ta daina gaya mini.

Taki har kullum,
Ƙanwarki