Bugu Biyar, Shiru Ɗaya

Zuwa ga Brina, sanyin idona, barewar tsaunukan Haloze, ke da ƙafarki ta san lungunan kurmin nan fiye da yadda na san tsakar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Kwana arba'in ke nan ina kiran wayarki ba ki ɗauka, ina fushi, ina cewa wulaƙanci ne. Sai shekaranjiya na gane wautata. Yaya zan riƙa kiran ki a waya, ke da likita ya ce jijiyar kunnenki tana mutuwa, kafin inabi ya sake toho ba za ki ƙara jin komai ba? Kin ga irin mutumin da kike so. Ki yafe mini. Ga takarda, ita ba ta bukatar kunne.

Brina, ranar waliyyi Martin ta watan Nuwamba ta wuce da mako uku. An yi bikin sabuwar giya, an cinye agwagwa, kowa a garin nan ya sauke klopotec ɗinsa, farfelar katakon nan mai ƙwanƙwasa a gonar inabi, ya kai rumbu kamar yadda aka saba. Tudu bayan tudu sun yi tsit. Nawa ne kaɗai ke tsaye a kan dogon turkensa, fukafukansa shida suna juyawa, gudumominsa suna dukan allo, yana korar tsuntsaye daga gonar da ba sauran ƙwayar inabi ko ɗaya a cikinta. Jiya maƙwabcina Kawu Tunek ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Kai Lovro, wa kake kora? Tsuntsayen ma sun tafi hutu! Ko dai barcinmu kake gadi kada ya sauka?" Na ce masa akwai tsuntsuwa ɗaya da nake kira, ba kora ba. Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ubanka ma haka yake da taurin kai, amma shi yakan sauke nasa." Da yamma sai ga matarsa da tukunyar miya, ta ajiye a bakin ƙofa ta koma.

Kin tuna ranar da wannan katakon ya kawo mini ke? Ni kam ko an binne ni zan tuna. Ƙarshen watan Satumba ne, shekara uku da suka wuce. Kin ɗauki baƙi tara 'yan yawon buɗe ido, kin hau da su cocin kan tudu su ga kwari, kin bi da su ta kurmi suna tsintar naman kaza, sai hazo ya sauko ya rufe duniya, ko alamar fentin da ke jikin itatuwa ba a gani. Ina tsakiyar tsinkar inabi na ga mutane suna fitowa daga cikin farin hazo ɗaya bayan ɗaya, takalma duk taɓo, ke a gaba da sanda da jar hula. Ba ki yi sallama ba. Kika nuna sama kika ce, "Wane gwani ne ya sassaƙa wannan gurgun abu? Bugu biyar, sai ya tsaya ya yi tunani!" Na ce ni ne, guduma ta shida ce ta gajarce, ba ta kai allo, gobe zan gyara. Kika ce, "Ka taɓa ta ka gani! Klopotec ya fi talatin a kwarin nan, duk bakinsu ɗaya. Gurgun naka kaɗai na gane, shi na bi muka fito." Na shimfiɗa wa baƙinki burodi da man ƙwayar kabewa, na zuba musu sabon ruwan inabi wanda bai gama tsima ba. Su suka ci suka sha. Ni na tsaya riƙe da tulu ina kallon raɓa a gashin girarki, har ya zube mini a ƙafa.

Ban gyara gudumar ba har yau. Duk ranar waliyyi Yakubu a watan Yuli, in maza sun taru ɗaga turke, sai an yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina.

Wayyo Brina, farin cikin raina! Wa zai ce kunnen da ya tsamo bugu biyar daga cikin hazo shi ne zai fara tafiya? Ina ma nawa aka ɗauka, ni da ba abin da nake ji da shi sai surutun Kawu Tunek!

Na san abin da ya kore ki, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Baƙon nan dattijo da ya gurɗe a bayan ayari, ya yi ta kiran sunanki ba ki ji ba, sai da kuka kai hasumiyar kallo kika ƙirga kawuna kika ga babu ɗaya. Awa guda ya yi zaune a kan ganye. Ya warke, Brina. Har kati ya aiko, yana jikin bangon ɗakina. Amma ke ba ki warke ba. Kika mayar da alamar ja-gora, kika zo gonata kika ajiye zoben da na ba ki a kan gangar giya, kika ce, ba tare da kin dube ni ba, "Mai ja-gorar da ba ta jin kira ba ta da amfani a daji, matar da ba ta jin mijinta ma haka. Ka nemi mai kunne." Kika tafi Maribor wajen yayarki Metka. Ni kuma na tsaya kamar turke. Na yi magana, na yi, amma kin riga kin juya baya, kuma daga baya ba kya ji. Wannan shi ne abin da ke ci na har yau: ban zagayo gabanki ba.

To ki ji abin da na yi ranar Talata, kuma na yarda ki yi dariya. Na je wajen Kawu Tunek na roƙi kakin zuma. Ya ce, "Kyandir za ka yi wa haukar taka?" Na murza kakin na toshe kunnuwana biyu tam, na ɗaure da gyale, na kama hanyarki, wadda kike bi da baƙi. Ina so in san inda za ki, ko da bakin ƙofar ne.

Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Busasshen ganye yana karyewa a ƙarƙashin takalmina ba sauti. Na tsallake rafi, ruwa yana gudu kamar a hoto. A gangaren coci wani mai keke ya wuce ni kamar walƙiya, saura ƙiris ya kwashe ni, na ga bakinsa yana motsi, na san zagi ne, ban samu ko ɗaya ba. Sau nawa na waiwaya, ina jin kamar akwai wani a bayana? A hasumiyar kallo na zauna a kan matakala na yi kuka, ni ƙato, don na gane watanni nawa kika yi a cikin wannan tsoron ke kaɗai, kina murmushi, kina gyaɗa kai in na yi magana, ni kuma ina cewa hankalinki ne ba ya wajena. Haba Brina! Me ya sa ba ki gaya mini ba? Me ya sa ni ban gani ba? Na sani, ni da yamma zan cire kakin, ke kuwa babu abin cirewa. Ban ce na san ciwonki ba. Leƙawa kawai na yi, kuma ya ishe ni.

Da la'asar na gangaro gona a gajiye. Iska ta taso daga kudu, na ga fukafukan suna juyawa, shiru. Raina ya ɓaci, na ce ashe banza na bar shi tsaye, banza na sha dariyar gari. Na jingina da turken don in huta, na kifa goshina a jikinsa.

Sai ga shi. A goshina, a tafin hannuna, har cikin haƙorana. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya tsaya. Gurgunmu ne, Brina, da ɗingishinsa, yana saukowa ta cikin icen! Shekara uku ina ɗaga turken nan ina sauke shi, ban taɓa sani ba, don ina da kunne.

Ban ce wannan zai mayar miki da kurmi ba. Ba zai mayar miki da kukan tsuntsu ko ƙararrawar coci ba, kuma muryata ma za ta tafi, ko da yake wannan ba babbar asara ba ce. Abin da nake da shi kaɗan ne. Na sayo littafin maganar hannu, yatsuna masu kaushi suna ta kunyata ni. In kin koma daji, ke a gaba, ni a ƙarshen ayari, duk wanda ya kira ni zan ji, ke kuma ki nuna hanya, don ni har yau ɓacewa nake a bayan coci. Kuma na yi alkawari ba zan sake yi miki magana daga baya ba.

Sanyi ya shigo. Allon icen ceri da gudumomin ke duka ya fara tsagewa a gefe, Kawu Tunek ya ce dusar ƙanƙara ta farko za ta raba shi biyu, kuma ya fi ni sanin ice. Allon kakana ne, babu wani mai irin muryarsa. Duk da haka ba zan sauke shi ba. Ki zo tun kunnenki na hagu yana ɗan kamawa, ki ji shi sau ɗaya da kunne. In kin makara, ki zo hakanan, na gano inda ake sa hannu. Motar Lahadi tana tsayawa a gindin tudu da ƙarfe goma. Ba zan kira sunanki ba. Zan tsaya a tsakiyar hanya, inda za ki gan ni.

Zobenki yana kan ganga inda kika bar shi. Ina share ƙura a gefensa, ban ɗaga shi ba.

Naki, ko da kunne ko babu, har ranar da za a sauke ni a kai ni rumbu,

Lovro