Sanarwar Rasuwar da Aka Yi wa Barka

Assalamu alaikum Anti Juwairiyya. Don Allah ki taimake ni, kwana goma ke nan kaina ya ɗau zafi, duk wanda na gaya wa sai ya ƙara min da faɗa.

Ni mai zane ce a kwamfuta a nan Gusau. Shekara biyu da suka wuce na ƙirƙiri salon haruffa nawa na kaina, irin na zamanin nan da za ki rantse daga jikin jirgin sama aka ciro su. Da'ira ce kawai da miƙaƙƙen layi, kowane harafi da ɗan yanka a gefe. Don manyan alluna na yi su, kuma sun yi farin jini. Masu sayar da waya, masu aski, duk wanda zai buɗe sabon shago, su yake nema a allonsa da hoton tallan da zai yaɗa a waya.

Abin da mutane ba su sani ba, a shagon waldar Kawu Sabiru a Bungudu na samo su. Shi da matarsa Inna Uwani suka riƙe ni tun ina shekara shida. Idan zai huda harafi a jikin ƙarfe, gwangwanin madara yake kifawa ya zagaye, ya bar ɗan wuri bai yanke ba don kada tsakiyar ta faɗo. Wannan yankan da ake yabo na a kai, nasa ne.

Ranar Talata ya rasu, babu jinya. Da aka kai shi makwancinsa aka ce in yi sanarwa saboda na nesa. Ina kuka na yi ta. Na sa hotonsa a bakin shago yana dariya, na rubuta sunansa ɓaro-ɓaro da haruffan nan, shuɗi mai ƙyalli, wai ni na karrama shi. Innalillahi da bayanin rasuwar na sa su ƙanana a ƙasa, da salon dai. A kwamfuta suna karantuwa, a waya ashe kamar ado suka zama.

Anti, kafin la'asar saƙo sha ɗaya na samu, daga mai cewa Allah ya sa albarka sai mai cewa Allah ya kawo kasuwa. Sai a lokacin na gane an ɗauka tallan sabon shago ne. Na goge, amma hoton ya riga ya zagaya. Washegari sai ga Alhaji Badamasi, amininsa na Tsafe, da turmin shadda na kyauta. Ya ga tabarmi da jama'a a ƙofar gida ya ɗauka walima ce. Tun daga mota yake ƙyaƙyata dariya yana ƙwala wa Kawu kira, wai ya fito, ya buɗe shago a ɓoye bai gayyace shi ba. Inna tana jin komai daga ɗaki. Da aka gaya masa, a nan ƙasa ya zube, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Inna ta ce na mai da mutuwar mijinta talla, ta daina amsa gaisuwata. Kunya ta sa na gudo Gusau ko sallama babu, addu'ar bakwai ma ban je ba. Matar da ta raine ni ce fa. In goge haruffan in bar sana'ar, ko za ta huce?

Taki, Mai Zane, Gusau

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Wallahi sai da na ajiye wasiƙarki na yi salati.

Kin yi kuskure, kuma na sana'a ne. Haruffan da aka yi don kiran mai wucewa ba sa ɗaukar bayani, balle idan an ƙanƙanta su. Ke da kanki kika sabar wa garin nan cewa ganinsu na nufin sabon shago, kuma kin san mutanenmu hoto suke kallo su wuce. Sanarwar rasuwa Innalillahi take buƙata a sama, babba, da rubutun da tsoho zai karanta ba gilashi. Amma niyyarki mai kyau ce, mai kuka ce ta yi aikin.

Inna ma da gaskiyarta. Mace ce da aka kira mijinta da dariya kwana ɗaya bayan an rufe shi. Ba ta san tarihin gwangwanin madara take gani ba, talla ta gani.

Kada ki goge komai. Gogewar ba za ta isa ɗakinta ba, sai dai ki rasa abin da ya bar miki. Abin da ya fi hoton ciwo yanzu shi ne tafiyarki, domin an yi bakwai tana duba ƙofa. Ki kira Alhaji Badamasi ki ba shi haƙuri, shi ma kunya ce ke cin sa. Sannan ki shiga motar Bungudu gobe da safe, ki bar kwamfutar a Gusau. Ki durƙusa ki ce kin yi laifi, ban da dogon bayani. Ko ba ta amsa ba, ki share mata ɗaki, ki ɗora mata ruwan wanka, ki kwana. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma ta riga ta yi kwanaki a ciki babu 'yarta. Kada ta ƙara ko ɗaya.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ku haƙuri baki ɗaya.

Anti Juwairiyya