Gwangwanin Kafso

Talata. Zazzaɓi ya ɗan sauka, ƙafa tana nan jiya i yau.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Dalilin wannan takarda shi ne gyambon ƙaurina. Sati shida ke nan. Likita ya canza mini magani sau uku, ruwa bai daina fita ba. Jiya ya lakaci ruwan da auduga, wai za a shuka a ga abin da zai tsiro. Ni gona ce? Na koma ga gwangwanina, ina buɗe kafso ina barbaɗawa kamar yadda na saba.

Ni ne mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Likitanka ya kira ni, tunda ya san aikin jinya nake yi. Ƙwayar cutar ta gagari magani bakwai cikin takwas da aka gwada. Don Allah wane gwangwani? Wanda Inna ta yi ta faɗa a kansa har ta rasu? Ka sha kwana biyu, ka ji sauƙi, ka adana saura: haka cutar take sabawa da magani. Allura ɗaya ta rage, babu ita a asibitinku. Zan nemo in kawo ranar Asabar. In aka makara, maganar yanke ƙafa ake yi.

'Yarka mai biyayya ba zan ce ba, raina a ɓace yake.

Taka.

Alhamis. Ƙafa ta kumbura, takalmi ba ya shiga.

'Yata,

Na ga takardarki, na kuma ga faɗan. A makarantarmu bulala ake yi wa wanda ya zubar da guntun alli. Mai kemis huɗu-huɗu yake sayar mini, bai taɓa cewa in shanye ba. Sai yanzu kowa ya zama malami!

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Duk layinmu daga gwangwanin nan suke karɓa. Matar tela da ta rasu bara, aka ce magani ya ƙi kama ta, sau uku na ba ta. Ko ni ne? Ki faɗa mini gaskiya idan kin zo.

Allah ya yi miki albarka.

Baba,

Mu ma allurar ta yanke mana. Mutum biyar ke jiranta a ɗakin da nake aiki. Ina kan nema.

Asabar. Warin ya fara damun ni kaina.

'Yata,

Tela ya shigo da safe, jikarsa na tari, in taimaka masa da kafso biyu. Na hana shi. Ya ce tsufa ya sa ni rowa, ya fita ko sallama babu.

Na share ɗaki, na ajiye miki kujera a bakin ƙofa. Motar ƙarshe ta wuce. Ba ki zo ba.

Mahaifinki.