Zan Zo Golmo da Kaina

Saloma, ruwan farkon damina, inuwar ɗorawa da tsakar rana, zumar kogon dutse da ba a ɗiba sai an sha harbi, karɓi gaisuwar mai walda wanda ya ɓata ƙofar mutane a makon nan saboda tunaninki.

Kin tuna ran Lahadi, bayan an tashi coci, da na ɗauke ki a mashin zuwa tsohon lambun nan na bakin dam? Mangwarorin da suka girmi iyayenmu, bencin siminti duk ya tsattsage, balbelu suna sauka kamar an watsa auduga. Kika tuɓe takalmi kika tsoma ƙafa, ruwan ya yi tsit yana kallonki. Ni kuwa ina gefe ina kare shaddata daga laka, ina ba ki labarin yadda na fara da injin aro har na kafa shagona.

A nan kika ce Baba ya ƙi taraktar da na ce zan turo. Wai mai son 'yarsa shi zai yi golmo, noman neman aure na shekaru, ya sunkuya a gonar Baba da kansa yadda shi ma ya yi wa kakanki, in ba haka ba akwai ɗan Wasagu da ke jira. Na yi dariya, na ce ni da na ajiye fartanya tun ina aji uku? Kika mayar da takalminki. Kika hau mashin, ko gefen rigata ba ki riƙe ba har gidanku a Dabai. Hanyar nan ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba.

Haba farin watana! Me zan yi da shago da suna in wani ne zai riƙa jin dariyarki da safe? Ni da nake lanƙwasa ƙarfe kullum, bayana ne zai gagare ni?

Ki gaya wa Baba ran Asabar zan rufe shago, zan zo da abokaina. Galmar ma da hannuna na ƙera ta, babu irinta a Zuru, ya duba ya gani. Huɗata za ta karkace, matan unguwarku za su yi ta dariya. Su yi. Roƙona ɗaya ne: kunun da za a kai gona, ke za ki kawo shi, ki tsaya har in shanye.

Naki bana, naki baɗi, da duk daminar da Baba ya yanka mini,

Ebenezer